Muna ihun Mena a filin ƙwallo, wa ke tsaronta a daji?

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a watan Oktoban 2010 bai manta da yammacin da Musa Maazu ya zura wa Masar ƙwallo a filin wasa na Seini Kunce ba. Ni a lokacin ina ɗan kwaleji, kuma da mu aka kwana ana zagaya gari ana ihun Mena har murya ta dishe. Sai da na girma na san cewa sunan da muke kira na wata dabba ce mai rai. Mena barewa ce doguwa, mai farin ciki da farin gindi, wuyanta da bayanta ja, wadda a da take yawo garke-garke a faɗin Sahel. Yau waɗanda suka rage a daji a duniya baki ɗaya ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, a ƙasarmu kuma sai a duwatsun Termit da wani lungu na Abzin. Ka shiga kowace fada a Yamai ko Damagaram ka tambayi wanda ya taɓa ganin ko hotonta. Za a lissafa maka ƴan wasa goma sha ɗaya da masu jiran canji, amma dabbar da suka ari sunanta sai a yi shiru.

Ba zargin kowa nake ba, don ni ma haka nake. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, ƴan dabbobin da suka rage mana da guntayen dazuzzukanmu, in ka bi tarihin yadda suka kai yau, za ka tarar da hannun talakawa da suka haɗa kai cikin ƙungiyoyi. Waɗannan ƙungiyoyi kuwa sun daɗe suna numfashi da kuɗin baƙi. Baƙin sun ja baya, mu ƴan birni da ƴan bida kuma ba mu matso ba.

Mu fara da Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. A nan ne raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma suka rage, bayan sun ƙare a Senegal da Mali da Najeriya da sauran ƙasashen da suke kiwo shekaru ɗari da suka wuce. Farauta da fari da faɗaɗa gonaki ne suka cinye su. A 1996 aka ƙidaya 49 kacal. A wannan shekarar ce ma hukumomin lokacin suka sa aka kama wasu domin a yi kyauta da su ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, da dama suka mutu wajen kamun. Wato hukumar da ya kamata ta tsare su, ita ce ta kusa ƙarasa su.

Bayan shekaru ashirin da ƴan kai, adadin ya haura 600. Yaya aka yi? Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe su, kuma ma'aikatan gandun daji sun yi nasu ƙoƙari, wannan ba a musu. Amma wanda ya san yankin ya san doka kaɗai ba za ta iya ba, domin Kure ba ta da shinge. Raƙuman dawan nan cikin gonakin mutane suke rayuwa. Da damina suna kan tudu suna cin geza da sabara, da rani su gangara Dallol Boso wajen Harikanasu suna cin gawo. A hanya su biya ta gonar wake, su leƙa garkar mangwaro. Manomin da ya wayi gari ya ga an share masa waken da yake sa ran sayarwa ya yi wa ƴaƴansa kayan sallah, ba takardar doka ce za ta hana shi ɗana tarko ba. Abin da ya hana shi, shi ne ya ga dabbar tana kawo wa garinsu wani abu.

A nan ƙungiyoyi suka shigo. ASGN, ƙungiyar kare raƙuman dawa ta Nijar, ta bi ƙauyukan yankin da rijiyoyi da ƙananan basussuka ga mata da faɗakarwa gari-gari. Samarin ƙauyukan kuma suka zama ƴan jagora, suka kafa tasu ƙungiya, suna raka baƙi cikin daji, suna taya masana ƙidaya ta shekara-shekara. Aikin ƙidayar nan ba wasa ba ne: kowane raƙumin dawa zanen jikinsa daban yake da na ɗan'uwansa, sai an ɗauki hotonsa ta dama da ta hagu an kwatanta da na bara, don kada a ƙirga ɗaya sau biyu. Akwai ƴan jagorar da suke gane dabba daga nesa su faɗa maka uwarta. Ilimi ne da ba a koyarwa a jami'a, kuma yana cikin kawunan mutane ƙalilan.

Sai ranar Lahadi 9 ga Agustan 2020. Ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a yankin: Faransawa shida ma'aikatan agaji, direbansu ɗan Nijar, da Kadri Abdu, shugaban ƙungiyar ƴan jagorar Kure. Kafofin watsa labarai na duniya sun yi kwanaki suna maganar baƙin, kuma rai duk rai ne. Mu a nan gida kuwa ban ga mun tsaya mun auna abin da muka rasa da mutuwar Kadri ba. Mutumin ya shafe shekarunsa yana tsaron dukiyar da ta kowane ɗan ƙasa ce, kuma a bakin wannan aiki ajalinsa ya same shi. Tun daga ranar motocin ƴan yawon buɗe ido suka ɗauke. Kuɗin shiga da kuɗin jagora, waɗanda su ne hujjar da ake nuna wa manomi idan ya zo da kukan wakensa, suka ƙafe. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 kuma masu ba da tallafi da dama daga Turai suka dakatar ko suka rage abin da suke bayarwa a ƙasar.

Ga tambayar da nake so mai karatu ya tsaya a kanta. Tun daga wannan sauyin mulki ba mu da zance sai na diyauci da tsayawa da ƙafafunmu. Na yarda da zancen. To amma wane irin diyauci ne wannan da dabbar da babu irinta a ko'ina a duniya sai a ƙasarmu, sai wani gidan ajiye namun daji na Faransa ko wata ƙungiya mai mazauni a Namibiya ta turo kuɗi kafin a san ko nawa suka rage? Ba raina taimakonsu nake ba, da ba don su ba da wataƙila labarin ya ƙare tun 1996. Kunyar tamu ce. Mun bar wa mutanen ƙauye wahalar zama da dabbar, mun bar wa baƙi biyan kuɗin, mu kuma sai mu ɗora hotonta a Facebook ran da wani ɗan wata ƙasa ya raina Nijar.

Har da hannunmu a cikin ɓarnar. Itacen da ake girki da shi a Yamai, da gawayin shayin da muke sha a fada, ba daga sama suke faɗowa ba. Daga tuddan da ke kewaye da birnin ake saro su, irin waɗanda raƙuman dawa ke kiwo a kai.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita a ɗakin labarai: ana kashe mutane a Tilaberi, ana sace mutane a kan iyakar Madarumfa, buhun hatsi ya gagari magidanci, kai kuma kana zancen barewa. Magana ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Amma a duba inda masu kashe mutanen suke kwana. Gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, yau ƴan bindiga sun fi masu yawon buɗe ido sanin hanyoyinsa. Ƴan'uwanmu na Katsina da Zamfara sun ga abin da dajin Rugu ya zama, mutanen kudancin Maradi kuma sun san abin da ake faɗa a kan dajin Baban Rafi. Dajin da jama'ar kewayensa suka daina ganinsa a matsayin nasu, wanda ba su shiga sai a ɓoye don tsoron tara, shi ne wanda ɓarawo yake samu a buɗe. Ban ce ƙungiyar kare muhalli za ta kori mai bindiga ba, wannan aikin soja ne. Abin da na ce shi ne, inda makiyayi da manomi da mai saran itace suke da kwamiti, suke da amfani a dajin, baƙuwar fuska ba ta kwana biyu ba a sani ba.

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba, don mafi girman aikin raya daji da aka yi a Sahel a gonakin Maradi da Damagaram aka yi shi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maradi, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, in aka bar reshe biyu ko uku aka gyara su sai su koma itace. Shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da an sayi irin shuka ko ɗaya ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, dabarar ba ta kama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na hukuma ba, kuma ba za a zo da dare a sare masa ba. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari kwamitin sa ido suka kafa, da mata a ciki da wakilan makiyaya, suka tsara dokokinsu da tararsu. Sai a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki, ta amince da haƙƙin manomi a kan itacensa. Manoma ne suka yi gaba, doka ta biyo sawu bayan shekara talatin da wani abu.

Akwai wani aikin kuma da ƙungiya take yi wanda ƙauye shi kaɗai ba ya iyawa, wato ta tsaya gaban hukuma ta ce a'a. A 2012 aka kafa gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 97,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. Can ne gidan mena, can ne kuma mafakar ƙarshe ta adaks, wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗun ƙaho da ke iya daɗewa ba ta sha ruwa ba. Wani bincike da aka yi a 2016 uku kawai ya gano. A watan Yunin 2019 majalisar ministoci ta zare kusan rabin gandun, ɓangaren da ya haɗu da filayen man fetur na Agadem. Matasa ne na ƙungiyar JVE, masu aikin sa kai don muhalli, suka buɗe takardar koke a intanet, masana na ciki da waje suka ɗaga murya. A 2021 aka sake shata iyakar, aka maido da wani sashe. Ba zan ce takardar koken ce kaɗai ta sa ba, amma da kowa ya yi shiru babu dalilin da zai sa a sake buɗe maganar. Ƙasa tana buƙatar kuɗin mai, ba wanda ya ce a rufe rijiyoyi. Amma a teburin da kamfani ke zaune da lauyoyinsa, ma'aikata ke zaune da takardunta, dole a samu wanda zai zauna a madadin abin da ba ya magana. Ƙungiyar da duk kuɗinta daga waje yake zuwa, da ta buɗe baki sai a ce ƴar koren baƙi ce. Wadda ke da mambobi dubu biyar ƴan ƙasa masu biyan kuɗin wata, da wuya a faɗa mata haka.

A nan ne zan juyo kan ƙungiyoyin su kansu, don ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A aikin jarida na halarci tarukan ƙara wa juna sani kan muhalli da ban san adadinsu ba. Otal mai sanyi, kyallen taro, jawabin buɗewa, shan shayi, kuɗin zama, hoton rufewa. Akwai ƙungiyoyin da ofishinsu yana cikin jakar shugaban, shi ne ma'aji, ƙanensa ne magatakarda, kuma in tallafi ya koma kan wani fanni sai su ma su canza suna su bi shi. Irin waɗannan ne suka sa matashi in ya ji an ce ƙungiya sai ya tambayi nawa ake bayarwa. Haka kowace 3 ga Agusta muke fita da sababbin riguna mu dasa itace a gaban kyamara, kafin Oktoba akuya ta gama da shi. Dajin dogon yaro da aka fara shukawa a 1965 don ya kewaye Yamai ya tare mata ƙura, a gaban idonmu aka yi ta yanka shi fuloti-fuloti. Mu ƴan jarida ma da namu laifin: ba mu zuwa daji sai an kai hari ko an turo mota an gayyace mu.

To me ya rage? Abin da muka riga muka iya. Mu ne ƙasar da aka haifi Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, matan ƙauye suna zuba ƴan kuɗi kowane mako suna ranta wa juna, har aka kwaikwayi tsarin a ƙasashe da dama. Kowace fada tana da asusun shayi da na biki. Ƴan bidarmu da ke Abijan da Kwatano da Legas da Akara da Tiripoli suna tara kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya a garinsu, ba su jira kowa ba. Mutum dubu, kowa jika ɗaya a wata, miliyan guda ke nan. Kuɗin katin waya ne na kwana biyu. Da irin wannan za a iya riƙe ƴan jagorar Kure kada yunwa ta kore su zuwa bida su tafi da iliminsu, a sayi man babur na ƙidaya, a kuma rage wa manomin da aka ci wa wake asara. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci a ganina, domin ran da manomi ya yanke ƙauna, babu ƙidayar da za ta yi amfani.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma wanda ke turo kuɗi daga waje ya fi kowa haƙƙin ɗora shi: a nuna lissafi. Abin da ya shigo da abin da ya fita a liƙa shi a WhatsApp kowane wata, a yi zaɓen shugabanni a kan lokaci, mutanen ƙauyukan da dabbobin ke zaune cikinsu su samu kujeru na gaske a kwamiti. Ƙungiyar da ta ƙi wannan a bar ta da jakarta.

Ba cewa nake kowa ya hau babur ya nufi Tafowa ko Kure ba, akwai wuraren da a yau shiga cikinsu ganganci ne, kuma umurnin jami'an tsaro shi ne gaba. Amma aikin da ba ya buƙatar shiga daji yana da yawa. Ɗalibin shari'a zai iya bin diddigin takardun fuloti a dajin da ke kewaye da Yamai. Mai iya haɗa bidiyo zai iya yi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, tunda kusan duk abin da aka rubuta a kan namun dajinmu da Faransanci ko Ingilishi yake. Malamin makaranta zai iya ba da sa'a guda a wata.

Mutanen Maradi ma ba su da uzurin nisa. A arewacin Dakwaro akwai gandun Gadabeji, mai hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO ta amince da shi a 2017. Raƙuman dawa sun ɓace daga can tun shekarun 1970. A watan Nuwamban 2018 aka ɗauko takwas daga Kure a mota, tafiyar sama da kilomita 800, aka sake su a can, don kada cuta ɗaya ko masifa ɗaya ta share irin gaba ɗaya a wuri guda. An ƙaro wasu daga baya, kuma sun fara haihuwa. Makiyaya Fulani da Buzaye na yankin ne ke zaune da su, cikinsu ake ɗaukar masu sa ido. A Kelle kuma, cikin ƙasar Gure, wata ƙungiyar mutanen Kutus tana cikin masu renon jiminu domin a maida su daji. Nawa ne cikin ƴan kasuwar Maradi da Damagaram, masu ɗaukar nauyin kokowa da gasar ƙwallon unguwa, suka taɓa jin labarin waɗannan wurare, balle a kai musu takardar neman taimako?

Ita kuwa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, shekara da shekaru tana cin moriyar sunan Mena a riga da tuta da waƙa. Shawarata gare ta da ƙungiyoyin magoya baya ita ce a cire dala ashirin daga kowane tikitin wasa da kowace rigar da aka sayar, a zuba a asusun masu sa ido na Termit, a riƙa karanta jimillar a lasifika lokacin hutun rabin lokaci.